Wa'adin Mako Biyu: Daga Zangon Kumasi Zuwa Dogarawa

Jama'a, abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da 'yar autata ta yi mini ranar da na raka ta Kwangila za ta hau motar komawa makaranta. Muna tsaye ana ɗaure kaya, sai yaron mota ya ɗaga murya yana cigiyar mai Gana-mas-go ja, ita kuwa ta juyo ta ce, "Baba, wai me ya haɗa jakar nan da ƙasar Gana?" Na buɗe baki zan ba ta amsa a taƙaice, sai na ga amsar ba ta taƙaituwa, har mota ta cika ta tashi ban kai rabi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, domin na tabbata ba ita kaɗai ce ke ɗaukar wannan jaka ba tare da sanin cewa sunanta ya samo asali daga wata rana da aka ba mutum kusan miliyan biyu mako biyu su fice daga ƙasar nan ba. Ni na ga abin da idona a Dogarawa ina ɗan aji biyar na firamare.

Kafin mu kai ga wannan rana, ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi garin da nake magana a kansa. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma ko ba a yi maka bayani ba sunayen sun isa su gaya maka cewa kakanninsu daga wani wuri suka zo. Sarkin da suka tarar kuwa, Muhammadu Makau, gudu ya yi da mutanensa a farkon ƙarni na 19 ya nemi mafaka a wajen Zuba, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Ka ga ke nan a tarihin sarautar garin nan kaɗai akwai baƙon da ya zama mai gari, akwai kuma mai garin da ya zama ɗan gudun hijira.

Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya iso Zariya a wajajen 1911, sai suka shata wa baƙunta iyaka a ƙasa. Birni na Zazzagawa, Sabon Gari na akawuna da leburorin reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da ma Saliyo da Gana, daga baya Tudun Wada ta 'yan Arewan da ba Zazzagawa ba. Samaru ta taso da gonar gwaji, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda ta tara malamai daga kowace kusurwa ta duniya. Mu kuma Dogarawa muna gefe, bakin hanyar Kano, ƙauye ne a lokacin kafin gari ya zo ya haɗiye mu. Duk wanda kuɗin hayar Sabon Gari ya fi ƙarfinsa wajenmu yake gangarowa, saboda haka tun muna yara kunnenmu ya saba da harsuna iri-iri.

A gidan kawuna na tashi, yayan mahaifiyata, wanda duk unguwa ta sani da labarin Kumasi. Tun yana saurayi ya bi fataken goro ya tafi can, a zamanin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasashen biyu, kuɗi iri ɗaya ake kashewa, babu mai tambayar ka fasfo. Ya zauna a Zango sama da shekara ashirin, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya gina gida, ya iya harshen Asante, waɗanda Hausawan can ke kira Tonawa, kamar a bakinsa aka yanka shi. Yakan ce alamar farko sun gan ta tun 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, lokacin da gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi kuma jigogin jam'iyyar Musulmi da ke adawa da ita. Mutanen biyu sun garzaya kotu suna cewa su haifaffun Gana ne, sai majalisa ta yi wata doka ta musamman da sunayensu a jiki, shari'ar ta mutu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Kawu ya ce a lokacin sun ɗauka rigimar manya ce, ba ta shafi mai huhun goro ba.

Ashe ta shafe shi. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya fice. Tattalin arzikin Gana ya shiga wani hali, bashi ya yi katutu, samari ba aikin yi, sai 'yan siyasa da jaridu suka samo mai laifi: baƙi ne suka mamaye kasuwanni, baƙi ne 'yan fasa-ƙwauri, baƙi ne suka cika gidajen yari. Sama da 'yan Nijeriya dubu ɗari suka fito, mafi yawansu Yarabawa, sai Hausawa, ga kuma mutanen Togo da Nijar da sauran maƙwabta. Kawu ya sayar da gidansa a kan kuɗin da, in ji shi, bai kai na ƙofofi da tagogin gidan ba, kuma wanda ya saya maƙwabcinsa ne da suka shekara goma suna gaisawa. Suka hau bayan babbar mota suka ratsa Togo da Dahome zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa zuwa Zariya, a daidai lokacin da ita kanta Nijeriya ba ta gama yaƙin basasa ba. 'Ya'yansa manya sun iso Dogarawa ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba, har yaran unguwa na yi musu dariyar yadda suke Hausa.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ba a yi shekara biyar ba kuɗin mai suka ɓarke a Nijeriya, aka yi rabon Udoji, aka buɗe shirin ba da ilimin firamare kyauta a 1976 ana neman malamai ruwa a jallo, ita kuwa Gana ta durƙushe. Sai 'yan Gana suka kwararo: malaman makaranta, magina, kafintoci, teloli, masu gyaran takalmi. Daga arewa kuma farin 1973 da 1974 ya koro Buzaye da sauran mutanen Nijar da dabbobinsu suka ƙare, da yawansu suka kama aikin gadi a Sabon Gari da Samaru. Yaƙin Chadi ma ya turo nasa. A lokacin babu wanda ya ce uffan, hasali ma a Ikko aka kafa ƙungiyar ECOWAS a watan Mayun 1975, kuma a 1979 ƙasashenta suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa na iya shiga ɗaya ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Muna alfahari muna cewa mu ne babban yaya a Afirka.

Harshe ya fara sauyawa ne da shigowar siyasar jamhuriya ta biyu. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi a kan cewa wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ta soke korar. Da Kawu ya ji labarin a rediyo sai ya girgiza kai ya ce, "Haka aka yi wa Amadu Baba." A watan Disambar wannan shekara rikicin Maitatsine ya ci sama da mutum 4,000 a Kano, kuma da yake Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, sai aka riƙa cewa aikin baƙi ne, alhali mafi yawan waɗanda aka kama 'yan ƙasar nan ne. Rikicin ya sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna a Oktoban 1982. A gefe guda kasuwar mai ta faɗi, gwamnati ta shigo da tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, ga zaɓe na tafe a Agustan 1983. Har aka riƙa raɗe-raɗin cewa za a yi amfani da baƙi wajen jefa ƙuri'a.

Ranar 17 ga Janairu, 1983, ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya sanar cewa duk baƙin da ke zaune ko aiki ba bisa ƙa'ida ba su fice kafin ƙarshen wata. Mako biyu cif, daidai da wa'adin Busia. Daga baya aka ƙara wa masu sana'ar hannu da malamai da makamantansu zuwa 28 ga Fabrairu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. Abin takaici, gwamnatin Rawlings ta rufe iyakar Gana tun Satumbar 1982, saboda haka jama'a suka yi cirko-cirko a iyakokin Binin da Togo da tashar jirgin ruwa ta Apapa kwana da kwanaki, wasu suka mutu a turmutsitsi da yunwa, kafin a buɗe musu a ƙarshen Janairu. Jakar ledar nan mai zane-zane, mai araha, mai cin kaya, ita suka riƙa cusa komatsansu a ciki. Daga nan ta sami suna.

Yanzu bari in dawo Dogarawa. A shagon ƙofar gidan Kawu akwai wani ɗan Gana da matarsa, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, da yamma kuma ya tara mu ya koya mana lissafi da Turanci. Tica muke ce masa, babba da yaro. A ɗakin da ke kusa da nasa akwai wani mutumin Chadi, mai sayar da shayi a bakin titi, wanda ya gudo da iyalinsa daga Injamena lokacin da aka yi ta ɓarin wuta a cikin birnin a 1980. Da sanarwar ta fita sai unguwa ta ɗauki wani irin zumuɗi wanda har yau in na tuna nake jin kunya. Mutane suka riƙa zagaye ɗakunan baƙi suna taya kaya, katifa da rediyo da tukwane, ana taya abin naira hamsin naira biyar, don an san mai shi ba shi da zaɓi. Mu yara muna bin motocin da suka ɗauko kaya muna ihu, ba mu ma san ma'anar abin da muke faɗa ba.

Ranar da Tica ya fito da kekensa da keken ɗinkin matarsa ya jingina a bakin zaure, mutane suka taru. Kawu ya fito daga cikin gida ya kore su, ya dubi Tica ya ce, "Tica, nawa ka saye su?" Tica ya ce, "Baba, ko nawa ka bayar na gode." Kawu ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Da ya faɗi kuɗin, Kawu ya shiga ya ƙirgo su daidai, bai rage ko kwabo ba, ya kuma mayar masa da kuɗin hayar wata biyu. Sannan ya juya harshe ya yi masa wata doguwar magana da Tonanci, wanda tun da na tashi ban taɓa jin ya yi a gaban mutane ba. Tica ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hannu. Da dare na tambayi Kawu abin da ya ce masa, ya ce, "Ɗan nan, kwatancen gidana na Zango na yi masa, na ce in ya bi ta Kumasi ya duba mini ko mangwaron da na dasa yana nan."

Na mai shayi ne ya fi tsaya mini a rai. Shi ba ci-rani ya zo ba, da ransa ya gudo. Na ji shi yana ce wa Kawu, "Alhaji, ɗan Gana gida zai koma, ni ina zan koma?" Kawu ya ce ya zauna a cikin gida har ƙura ta lafa, amma tsoron kamu ya hana shi, ga Hausarsa ba ta nuna ba, da ya buɗe baki za a gane shi. Hausawan Maraɗi da Damagaram da ke unguwar da yawansu ba su motsa ba, don babu jami'in da zai bambance su da Katsinawa ko Daurawa. Wanda harshensa ko kamanninsa suka tona shi, shi ya biya. Mai shayi ya kwashi matarsa da 'ya'ya uku suka hau motar Maiduguri, kuma daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya koro shi, alhali tun 1969 ƙasashen Afirka suka amince a Adis Ababa cewa wanda ya gudo daga yaƙi ba a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Nijeriya ba ta kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ba sai 1989.

Mai karatu zai so ya ji ko korar ta yi magani. NPN dai ta ci zaɓe, amma shinkafa da sabulu da madara ba su sauko ba, masana'antun da aka rufe ba su buɗe ba, makarantu suka rasa malaman lissafi da kimiyya, kuma ranar 31 ga Disamba, 1983, soja suka kifar da gwamnatin. Rikicin 'yan Maitatsine ya sake ɓarkewa a Jimeta a 1984 da Gombe a 1985, bayan an ce an kori masu kawo shi. An bar jaki ana dukan taiki. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, sannan a 1985 ta sake ba baƙi kimanin 700,000 wa'adin 10 ga Mayu, a daidai lokacin da fari ke cin Nijar da Chadi. Har yau in ka je ƙasar Hausa ta Nijar, yunwar 1984 zuwa 1985 sunanta El-Buhari. A Samaru kuma, a 1988, jami'an tsaron gwamnatin Babangida suka ɗauke Dokta Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika da ya shekara goma sha takwas yana koyar da ilimin zamantakewa a jami'a, suka sa shi a jirgi zuwa Landan. Duk shekarun nan ba a tuna baƙo ba ne sai da sukarsa ta dami masu mulki.

Kada a ce ƙasar nan ba ta san karamci ba. Ta sani, sai dai tana duban rigar baƙo tukuna. Janar Felix Malloum, tsohon shugaban Chadi, ya zauna a Nijeriya daga 1979 har 2002 ba wanda ya ba shi wa'adi. Siad Barre na Somaliya a Ikko ya rasu a Janairun 1995. Charles Taylor na Laberiya ya zauna a Kalaba daga 2003 zuwa 2006. Gaskiya ne an buɗe wa talakawan Laberiya sansani a Oru ta Jihar Ogun a 1990, kuma wannan abin yabo ne. Amma a mafi yawan lokuta mai rawani ake shimfiɗa wa darduma, mai tukunyar shayi a nuna masa hanya.

Kuma wannan harshe in ya saba da bakin mutum ba ya tsayawa kan ɗan wata ƙasa. A Sabon Garin nan namu an zubar da jinin 'yan Kudu a Mayu da Satumbar 1966, bayan an daɗe ana kiran su baƙi. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin 1 ga Oktoba, kafin su janye. Mu ma 'yan Arewa an sha ba mu namu wa'adin a Kudu, an ƙona mana rumfuna a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Kalmomin ba su canzawa, mai faɗa da wanda ake faɗa wa ne ke musayar wuri.

Yau ga shi mu ne a bakin ƙofar wasu. Tun 2013 rikicin Boko Haram ya tura mutanen Borno zuwa Diffa a Nijar da sansanin Minawawo a Kamaru, kuma a 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi sojojin Kamaru da tilasta wa 'yan Nijeriya aƙalla 100,000 komowa tun daga 2015, da hujjar cewa akwai 'yan ta'adda a cikinsu, wato irin hujjar da muka kafa da Maitatsine. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa Jihar Maraɗi, ƙauyukan da muka rufe wa iyaka suna cikin yunwa su ne suka buɗe musu rumbu. A Turai ma kiɗan bai canza ba. A 2022 gwamnatin Ingila ta shirya kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda, kotun ƙolin ƙasar ta ce shirin ya saɓa doka a Nuwambar 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a Yulin 2024. Mukan ji irin wannan a rediyo mu yi tsaki mu ce Turawa ba su da imani, mun manta da namu Janairun.

Ba cewa nake a bar iyaka sakaka ba. Kowace ƙasa na da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata, kuma mai laifi a hukunta shi ko ɗan wane ne. Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, duk ranar da na ji ɗan siyasa ya tashi da zancen baƙi, sai in duba farashin hatsi in kuma duba saura wata nawa zaɓe, domin a 1969 da 1983 da 1985 ba a tuna da baƙo ba sai da aljihun gwamnati ya huje. Sannan a riƙa bambancewa tsakanin wanda ya zo neman kuɗi da wanda ya gudo da ransa. Mu da muke karanta wa 'ya'yanmu labarin sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, da yadda Najjashi ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa sai da ya saurari bakinsu, bai kamata a koya mana wannan ba.

Kawu ya rasu bai sake taka Kumasi ba. Wasiƙa ɗaya Tica ya aiko bayan kusan shekara, ni na karanta wa Kawu ita. Ya ce sun isa lafiya bayan kwana tara a hanya, ya je Zango ya ga gidan, an ƙara masa bene, mangwaron kuma an sare. Keken ɗinkin nan yana nan a ɗakin iyalina, yana aiki har gobe, kuma in 'yar autata ta dawo hutu zan zaunar da ita a gabansa in ƙarasa mata amsar da na fara a Kwangila. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da duk wanda ke gudun hijira gidansa lafiya, mu kuma Ya kare mu daga zaluntar wanda ya fake da mu. Wassalam.